Ƙorafin Magada a Kan Lauyansu: Yadda Wani Reshen Ƙungiyar Lauyoyi a Jihar Bauchi Ya Raba Aikin Kare Mamba da Aikin Karɓar Ƙara a Kansa

Yadda tsarin yake

Ƙungiyar Lauyoyi ta Najeriya, NBA, tana da rassa sama da ɗari, kuma kowane reshe yana ɗauke da ayyuka iri biyu. Na farko wakilci ne: kare mutuncin lauyoyi, tsaya wa mamba idan an ci zarafinsa a kotu ko a caji ofis, tallafa masa a rashin lafiya, tallafa wa iyalinsa idan ya rasu. Na biyu sa ido ne a kan yadda lauyoyin suke mu'amala da jama'a. Mutanen da ke yin aikin farko su ne dai ke yin na biyu, kuma lauyoyin da ake sa wa idon su ne ke zaɓensu duk shekara biyu.

A doka, reshe ba shi da ikon hukunta kowa. Dokar Lauyoyi ta 1975 ta ɗora wannan a kan Kwamitin Ladabtar da Lauyoyi, wanda ake kira LPDC, da ke zama a Abuja a ƙarƙashin majalisar manyan alƙalai da lauyoyi mai rantsar da sababbin lauyoyi. Wannan kwamiti ne zai iya sa a goge sunan lauya daga rajistar Kotun Ƙoli, ko ya dakatar da shi na wani lokaci, ko ya ja masa kunne, kuma yana iya umartarsa ya mayar da kuɗi ko takardun da ya riƙe. Sai dai mutumin gari bai san wannan kwamiti ba. Shugaban reshe ya sani, domin shi yake gani a kotu, shi yake ji a rediyo.

Hukuncin kuɗin amana a fili yake. Ƙa'idojin asusun lauyoyi na 1964 sun wajabta wa lauya ya buɗe asusu na daban don kuɗin mutanen da yake yi wa aiki. Ƙa'ida ta 23 a cikin ƙa'idojin ɗa'ar lauyoyi na 2007 ta hana shi cakuɗa irin wannan kuɗi da nasa ko yin amfani da shi, ta kuma ce ya sanar da mai kuɗin ya ba shi lissafi ba tare da jinkiri ba. Ƙa'idojin 2023 da suka gaje su, waɗanda suka fara aiki ranar 1 ga Janairun 2024, ba su sassauta wannan ba.

Wata na 1 zuwa na 3: cinikin gida

Wani ɗan kasuwa ya rasu ya bar mata ɗaya, 'ya'ya maza uku da mata biyu, da gida guda da ba zai rabu ba sai an sayar. Kotun shari'ar Musulunci ta fitar da kason kowa a rubuce. Magada suka naɗa babban ɗan, malamin firamare, ya wakilce su, suka kuma ɗauki lauya ya rubuta yarjejeniyar ciniki ya karɓi kuɗin.

An sayar da gidan naira miliyan 12. An yi da lauya zai ɗauki 600,000 ladan aikinsa, saura miliyan 11.4 na magada, ciki har da tumunin takabar uwargida, naira 1,425,000. Mai saye ya tura kuɗin gaba ɗaya a rana guda. Lambar asusun da lauyan ya bayar ta ofishinsa ce, wadda yake biyan haya da albashin ma'aikata daga cikinta.

A wata na biyu ya ba magada miliyan 5, ya ce sauran sai an kammala canjin suna a ma'aikatar filaye. A wata na uku an kammala. Saura miliyan 6.4 bai fito ba. Daga baya ta bayyana cewa ya zuba mafi yawansa a wani cinikin fili da yake sa ran zai juya cikin makonni, cinikin kuma ya maƙale a kan rikicin iyaka.

Wata na 4 zuwa na 9: sulhu a ofishin shugaba

Wakilin magada ya je wajen shugaban reshe da baki, ba da takarda ba. Shugaban ya karɓe shi da mutunci, ya ce, "Malam, ka kwantar da hankalinka, namu ne, za mu kira shi." Ya kuwa kira shi. An zauna sau uku a cikin wata shida. A zama na farko lauyan ya amsa cewa kuɗin yana wuyansa, ya nemi wata biyu. A na biyu ya kawo 300,000 a hannu, magada suka ƙi karɓa don gudun kada a ce sun yarda da biyan kaɗan-kaɗan. A na uku bai zo ba, ya aiko cewa yana da shari'a a wani gari.

Babu ɗaya daga cikin waɗannan zama da aka rubuta. Babu lambar ƙorafi, babu rasit, babu ranar da aka ce idan ta wuce za a ɗauki mataki. Ba a gaya wa magada cewa akwai kwamiti a Abuja ba, ba kuma a gaya musu cewa tun daga ƙa'idojin 2020 na wannan kwamiti mai ƙorafi yana iya shigar da ƙararsa kai tsaye ba. A tsohon tsari na 2006 ƙungiyar ce ke fara bincike, sai ta ga akwai abin amsawa take kai maganar gaba ta kuma gabatar da ita. Da yawa a cikin reshen sun ci gaba da aiki kamar tsohon tsarin na nan.

Shugaban bai karɓi ko kwabo ba, kuma bai ce lauyan yana da gaskiya ba. Abin da yake so shi ne kuɗi ya fito ba tare da an tozarta matashin da ya san mahaifinsa ba. Ga shi kuma zaɓen reshe na matsowa, kuma lauyan yana cikin matasan da ke da ƙuri'u masu yawa.

Wata na 10 zuwa na 13: kwamitin ɗa'a da ranar beli

Wani tsohon magatakardan kotu ya shawarci magada su rubuta. Suka rubuta shafi biyu, suka haɗa da kwafin yarjejeniyar ciniki, shaidar tura kuɗi daga bankin mai saye, da takardar rabon gado. Sakataren reshe ya miƙa wa kwamitin ɗa'a mai mutum biyar. Shugabannin reshe ne suka naɗa su, biyu daga cikinsu ma shugabannin ne da kansu, ɗayan kuma shi ne jami'in walwala. Fayil ɗin yana ajiye a durowar sakatare.

Kwamitin ya aika wa lauyan takarda, bai sa masa wa'adi ba. Wata biyu suka shige ba amsa. Ƙanin wakilin magada ya gaji, ya kai ƙara wajen 'yan sanda. Dokar 'Yan Sanda ta 2020 ta hana kama mutum saboda bashi ko saɓa yarjejeniya kawai, amma cinye kuɗin da aka damƙa wa mutum yana shiga laifin cin amana a kundin dokokin laifuka, wato Final Kod, don haka aka gayyaci lauyan aka tsare shi.

Da yamma reshe ya tura mutum uku su karɓi belinsa, kamar yadda yake yi wa kowane mamba. Wanda ya jagorance su shi ne jami'in walwala. Magada suna zaune a kan benci a bakin ofishin sa'ad da ya shigo, ya rungumi lauyan, ya sa hannu a takardar beli. Mako biyu kafin nan shi ne ya zauna a gabansu yana rubuta bayaninsu. Uwargidan ta tambayi ɗanta ko wannan ba shi ne Baristan da aka ce zai bi musu haƙƙinsu ba. Washegari wakilin magada ya rubuta cewa ba za su sake zuwa gaban kwamitin ba.

Lauyan ma ya fito da nasa ƙorafin. A daren da aka tsare shi ya buɗe wa jami'in walwala cikinsa, ya faɗa masa inda kuɗin ya tafi da bashin da ke kansa, a matsayin ɗan'uwan da ya zo taimako. A zaman kwamiti na gaba sai ya ji ana yi masa tambayoyi daga cikin wannan hira. Shi ma ya rubuta cewa ba zai sake bayyana ba. Jami'in walwalar ya ce ba yadda zai yi ya zauna a kwamiti ya nuna bai san abin da ya sani ba.

Wata na 14: sabon suna

Shugabannin suka rushe kwamitin suka kafa wani "mai zaman kansa". An cire jami'in walwala, an bar sauran huɗun, an ƙara lauya ɗaya wanda daga baya aka gano a ofishinsa wanda ake ƙorafi a kansa ya fara aiki. Fayil yana durowar da yake. Ba ɓangaren da ya amsa gayyata.

Wata na 15 zuwa na 17: raba ayyukan

Bayan zaɓe, sababbin shugabanni suka kai maganar babban taron reshe. An yi gardama mai zafi. Wani dattijon lauya ya ce aikin ƙungiya rufin asirin 'ya'yanta ne, idan ta fara tura su Abuja da hannunta, wa zai sake biyan kuɗin ƙungiya? Aka amsa masa cewa ba za a daina rufin asiri ba, za a dai ware masu yinsa. Taron ya amince da tsari a rubuce.

Abu na farko da aka gyara shi ne wanda zai zauna. Ba shugaban reshe ko ɗaya, ba ɗan kwamitin walwala, ba ɗan takara. Duk wanda ya taɓa aiki a ofis ɗaya da lauyan da ake ƙorafi a kansa, ko suke da dangantaka ta jini ko ta aure, ko suke da shari'ar da suke yi tare, zai janye daga wannan fayil, kuma zai sa hannu a kan haka kafin a buɗe shi. Babban taro ne ke naɗa su, shi kaɗai ne kuma zai iya cire su. An sa wa'adinsu shekara uku da gangan, don kada ya riƙa faɗawa tare da zaɓen shekara biyu. Lauyoyi uku ne, kowanne ya haura shekara goma da rantsuwa, sai mutum biyu da ba lauyoyi ba: tsohon magatakardan kotu da tsohuwar ma'aikaciyar banki. Ita ce ta fara tambayar da ba wanda ya yi a cikin wata goma sha huɗu, wato sunan wa ke kan asusun da kuɗin ya shiga.

Sai rajista. Littafi ne ɗaurarre mai lambobin shafi, wanda ba a iya cire takarda daga cikinsa ba a gane ba. Kowane ƙorafi yana samun lamba da kwanan wata, mai ƙorafi yana tafiya da rasit a ranar. Wanda bai iya rubutu ba a rubuta masa, a karanta masa da Hausa, ya dangwala. Makulli yana hannun sakataren kwamiti. Cikin kwana 7 a kai wa lauya kwafi, yana da kwana 14 ya amsa, kuma ko ya amsa ko bai amsa ba, fayil ba zai wuce kwana 30 a reshe ba.

Wurin da aka fi daɗewa a kai shi ne sulhu. An raba ƙorafe-ƙorafe gida biyu. Jinkirin aiki, ƙin ɗaga waya, saɓani kan ladan aiki, riƙe fayil bayan an sallami lauya: waɗannan ana iya sasanta su, a rubuta abin da aka cim ma, kowa ya sa hannu. Amma kuɗin amana, takardar bogi, da yi wa ɓangarori biyu masu rikici aiki a lokaci guda, waɗannan sulhu ba ya tsayar da su. Lauya na iya biyan kuɗin, kuma ana so ya biya, amma takarda za ta tafi. Dalili kuwa shi ne ƙarar ladabtarwa ba ƙarar bashi ba ce. Tambayar da ke gaban kwamitin Abuja ita ce ko wannan mutum ya cancanci a ci gaba da damƙa masa dukiyar jama'a, kuma magada shida ba za su iya yafe wannan a madadin waɗanda za su shiga ofishinsa gobe ba.

An kuma rubuta ƙarara cewa kwamitin reshe ba ya yanke wa kowa laifi. Aikinsa ya karɓa, ya bayyana wa mai ƙorafi hanyoyi uku da ke gabansa, wato kwamitin ladabtarwa, ƙarar neman kuɗi a kotu, da 'yan sanda idan akwai laifi, ya taimaka a haɗa takardu, ya tura. An ware masa ɗan kaso daga kuɗin ƙungiya sau ɗaya a shekara, don kada kuɗin kwafi da na aika saƙo su riƙa jiran sa hannun shugaba.

Kwamitin walwala ya samu nasa aikin a rubuce shi ma. Shi ne mai zuwa beli, shi ne mai nemo wa mamba lauyan da zai kare shi, kuma abin da mamba ya faɗa masa ba ya haurawa ɗaya ɓangaren.

A wata na 17 aka taimaka wa magada suka shirya ƙara a rubuce, da takardar rantsuwa da wakilinsu ya yi a Babbar Kotu, da kwafin yarjejeniyar ciniki, shaidar banki, takardar rabon gado, da saƙonnin waya inda lauyan ya amsa bashin. Aka tura Abuja, aka ba kowane ɓangare kwafin shaidar aikawa.

Wata na 18 zuwa na 22: biyan kuɗi

Jami'in walwala ya zauna da lauyan da wani babban lauya da ya yarda ya kare shi kyauta. Suka gaya masa gaskiya cewa zuwa gaban kwamiti da kuɗin mutane a hannu ya fi komai muni. Ya sayar da motarsa da wani fili nasa na gado. Ya biya miliyan 2.4 a wata na 18, aka fara cire cikon tumunin uwargida daga ciki, sai miliyan 2 a wata na 20, da miliyan 2 a wata na 22. Kowane biya ta banki aka yi, zuwa asusun da magada suka amince da shi a rubuce. Ya kuma buɗe asusun amana na daban a ofishinsa.

Da kuɗin ya cika, wasu dangi suka matsa wa magada su janye. Sakataren kwamiti ya gaya wa wakilinsu cewa suna da 'yancin rubuta wa Abuja cewa an biya su, hakan kuma zai amfani lauyan, amma reshe ba zai nemi a rufe maganar ba. Suka rubuta. Reshe ya rufe nasa fayil, sauran ya rage tsakanin lauyan, mai kare shi, da kwamitin ladabtarwa.

Abin da lamarin ya nuna

Wata goma sha huɗu aka ɓata, kuma ba mugun mutum ne ya ɓata su ba. Shugaban da ya yi sulhu da jami'in da ya je beli duk sun yi aikin da aka zaɓe su su yi. Aikin na biyu ne bai dace da hannunsu ba. Kotun Ƙoli ta faɗi makamancin haka tun 1985 a shari'ar kwamitin ladabtarwa da Cif Gani Fawehinmi, inda ta ƙi yarda Antoni Janar na Tarayya ya zama mai tuhuma kuma shugaban kwamitin da zai saurari tuhumar. Sashe na 36 na tsarin mulkin 1999 yana kan wannan turba. A can lauya ne aka kare daga mai tuhumar da ya zama alƙali. A nan an ga ɗaya fuskar: mai kariya ya zama mai bincike, sai mai ƙorafi da wanda ake ƙorafi a kansa duk suka cutu.

Ingila ta bi wannan hanya a matakin ƙasa. Rahoton Sir David Clementi na 2004 ya ba da shawarar a raba ayyukan biyu, dokar 2007 ta tabbatar da haka, aka samu hukumar sa ido ta daban ga kowane rukunin lauyoyi, da wata hukuma a samansu, da ofishin karɓar ƙorafin jama'a da ya fara aiki a 2010. Abin lura shi ne ba su tsaya a suna ba, sun shiga batun wanda ke naɗi, da kasafi, da rinjayen waɗanda ba lauyoyi ba a majalisar gudanarwa. Gwajin wata na 14 ya faɗi ne don bai taɓa ko ɗaya daga cikin waɗannan ba. A wannan lamari, wa'adin kwana 30 ya fi komai aiki. Muddin shugaba zai iya cewa "a ƙara masa wata biyu", lauyan ba shi da dalilin sayar da motarsa.

Raba aikin bai raunana wakilci ba. Lauyan ya samu kariya mafi inganci bayan rabuwar, domin a lokacin ne ya samu wanda zai gaya wa gaskiya ba tare da tsoron za a karanto masa ita a zaman bincike ba.

Akwai abin da tsarin bai gyara ba. Magada sun karɓi adadin kuɗinsu cif, amma kusan shekara biyu bayan ciniki, lokacin da farashin fili da siminti ya riga ya tashi, kuma ba wanda ya biya su wannan gibi. Zama a Abuja nauyi ne ga malamin firamare daga Bauchi. A matakin ƙasa ma cakuɗar tana nan: doka ta ce kashi tara cikin goma na kuɗin lasisin da lauyoyi ke biya duk shekara ƙungiyar ake miƙa wa, ita ce kuma ke bayar da hatimin da lauya ke manna wa takardunsa, alhali ita ce mai wakiltarsu. Reshe ba zai iya canza wannan ba.

Sannan garin ƙarami ne. Lauyoyi kaɗan ne, a kotu ɗaya suke haɗuwa, a masallaci ɗaya da ɗaurin aure ɗaya. A ƙorafi na gaba da ya shigo, biyu daga cikin lauyoyi ukun kwamitin sun janye saboda alaƙa. Reshe ya ƙara sharaɗi guda a tsarinsa: idan lauyoyin da suka rage ba su kai biyu ba, ba za a zauna ba, sakatare zai taimaki mai ƙorafi ya haɗa takardunsa ya tura kai tsaye cikin kwanakin nan 30.